Gidan da Na Cire daga Takarda

Ni ne na yi ba daidai ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Na faɗi wannan tun farko don kada mai karatu ya nema mini uzuri.

Bana makarantar sakandaren garinmu ta shirya wani abu sabo a ranar gasar gidaje, wadda yara ke kira intahaus. Aka ce duk gidan da kaka ya yi wa makarantar wasa, ɗa ya yi, jika ma yana yi, za a kira su tsakiyar fili a ba su allon yabo a gaban jama'a. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ɗora mini aikin tattaro sunaye. Ba don ilimi ba, ni daga aji biyar ban ƙara gaba ba. Taki da maganin feshi nake sayarwa a bakin kasuwar Bakori, shi ya sa babu gidan manomin da ban san na cikinsa ba.

Na rubuta gida huɗu. Da na zo kan na biyar sai na tsaya.

Mai gidan nan ya girme ni da aji biyu, har yau Siniya nake ce masa. A zamaninmu babu mai kamo shi a gudun mil ɗaya. 'Ya'yansa maza ba wanda ya gaje shi, ɗaya ya bi tuƙi, ɗaya gona. 'Yarsa ta fari ce ta yi gudu, shekara uku tana ciyo wa gidanta na makaranta kofi. Ta yi aure a Maska, yanzu kuma 'yarta ce ke gudun mita ɗari huɗu.

A taron kwamiti na ce, "Yarinyar nan 'yar gidan ubanta ce. Jika ta wajen mace ba a lissafa ta a gidan kaka." Kowa ya gyaɗa kai, don haka muke ƙirga dangi a komai. In an ce ɗan gidan wane, ta wajen uba ake nufi. Aka wuce.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne, lokacin da Siniya yake kyaftin ɗin gidanmu ya cire ni daga gudun miƙa sanda ana gobe gasa, don na yar da sandar sau biyu a atisaye. Ya yi gaskiya. Amma mahaifina ya taho daga ƙauye a kan keke don ya ga gudun nan, ya same ni ina riƙe wa mutane takalma. Mun yi shekara arba'in da wani abu muna gaisawa da Siniya, na je sunan 'ya'yansa, ya zo na nawa, na ɗauka abin ya wuce. Sai da biro ya shiga hannuna na gane yana nan.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, 'yarsa ta zo shago. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Hajiyar Maska, yau taki ko magani?"

"Ba ko ɗaya, Baba. Yarinyata ce ta ce an manna takarda a allon sanarwa, ba ta ga sunan kakanta ba."

Na maimaita mata abin da na faɗa wa kwamiti, ina gyara buhun da ba ya bukatar gyara.

Ta yi murmushi. "Baba, ranar da na faɗi a kwanar fili na tashi na ci, wa ya hau kan benci yana cewa 'yar Siniya ce, jininsa ne?"

Na ce, "Mutane da yawa sun faɗa."

"Muryarka na ji. Ka san ba a ɓoye ta." Ta gyara mayafinta. "Ni ba don kaina na zo ba. Tun makon jiya ya sa an wanke masa farar rigarsa. Kullum da safe yana zagaya gida da sanda, wai yana gwada ƙafa don kada ya ba mu kunya a fili. Bai san babu sunansa ba, ni kuma na kasa gaya masa."

Ta yi sallama ta tafi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta roƙe ni ba. Wani ya zo sayen maganin ciyawa na miƙa masa na ƙwari, sai da ya dawo da shi.

Washegari da safe na hau babur na tafi wurin shugaban makaranta. Sa'an ɗana ne, ya miƙe ya ba ni kujera. Na yi niyyar ce masa kuskure aka yi a rubutu. Da na buɗe baki sai na ji nauyin ƙara wata ƙaryar, na gaya masa yadda abin yake, har da zancen sanda.

Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba, ni ma na yi mamaki, ga sunan 'yarsa can a allon zakaru na bango. Na ɗauka ku manya kun san wani abu da ban sani ba. Kiran suna a lasifika ba matsala. Allon yabo ne, huɗu aka yi, mai yin su kuma yana Funtua."

Ban tsaya shan ruwan da aka kawo mini ba. Na isa Funtua rana ta yi tsakiya, na sami mutumin yana shirin rufe shago ya tafi masallaci. Ya ce, "Alhaji, ku 'yan makaranta kullum sai wuta ta kama riga." Na ce laifina ne ni kaɗai. Ya ce in jira a idar da salla. Bayan Juma'a ya yanka katako, ya goge, ya rubuta, ni ina zaune a kan wani tsohon gwangwanin fenti ina kallon hannunsa. Na dawo da allon a cikin kwali, na ɗaure a ƙirjina da rawani don fentin bai gama bushewa ba. Duk ramin da na shiga a hanya sai na dafa shi.

Ranar Asabar fili ya cika. An ja layuka da farar ƙasa, 'yan ganga na gefe, gidajen makaranta huɗu kowanne da tutarsa. Bayan gudun mata aka fara kiran iyalai. Da aka kira na biyar, Siniya ya taso daga rumfa cikin farar rigarsa, 'yarsa a dama, jikarsa a hagu da kayan gudu, tana haki don yanzu ta gama. A tsakiyar fili ya miƙa wa jikar sandarsa, ya yi sauran takun da ƙafarsa. Tsofaffin ɗalibai suka miƙe tsaye. Jikar ta ce masa, "Tsoho, a hankali, ba kofi a gaba." Ya ce, "Ke dai ki yi ƙoƙari ki kamo ni."

Ni ina bayan rumfa, na zauna a kan wata kujerar roba. Rabon da in ja numfashi har ƙasa haka tun ranar Alhamis. 'Yarsa ta hango ni, ta ɗan sunkuyar da kai.

Da na so, da shi ke nan. Ba ta gaya masa ba, shugaban makaranta ma ba zai faɗa ba. Amma na ga in na yi shiru, ya ci gaba da gode mini a kan aikin kwamiti, kowace godiya sabuwar ƙarya ce.

Bayan kwana uku na same shi a ƙofar gida da hantsi, yana kallon masu casar masara. 'Yarsa ba ta koma Maska ba tukuna, ita ta kawo mini tabarma. Na ce ta tsaya, maganar ta shafe ta.

Na cire hula na ce, "Siniya, sunan gidanka ba ya cikin takardar farko. Ni na cire shi, da gangan, na fake da cewa jika ta wajen mace ba ta gidan kaka ba ce, alhali na san taka ce. Na zalunce ka, na zalunci yarinyar nan da 'yarta. Don Allah ku yafe mini."