Hular Baba da Fitilar Mota

Har yanzu idan na hango mota da rana tsaka fitilunta a kunne, sai in tsaya cak. Ko bokitin ruwa ne a kaina sai na sauke. Mutanen garinmu sun fara ba da labarin suna dariya. Ni dai ban kai nan ba tukuna.

Yayana, babban ɗakinmu, ya sayi a-kori-kura ta hannu bayan kaka, don ɗaukar masara da gyaɗa daga ƙauyenmu na wajen Fulatan zuwa kasuwanni. Irin motar nan ce da ba a kunna mata fitila. Duhu ya fara ta kunna abinta, gari ya yi haske ta kashe. Yaya ya yi ta alfahari da wannan a majalisa, wai motarsa ta fi wasu mutanen hankali. Abin da bai lura da shi ba, daga ciki babu wata alama da ke gaya wa direba a kunne take ko a kashe. Da dare kana ganin haskenta a hanya, da rana kuwa sai na waje ya gaya maka.

A wajenmu fitilar mota da rana magana ce. Idan an kai mutum asibiti Allah ya yi masa cikawa a can, motar da ta ɗauko shi takan kunna fitilu ta taho a hankali. Babu wanda ya kafa dokar, haka muka taso muka gani. Waya ba ta samun sabis a garinmu sai an hau tudun bayan firamare, don haka sau da yawa fitilar ce ke riga kowa faɗa. Maza su ɗauki diga su nufi maƙabarta, mata su ɗora ruwa.

Aka yi wa Baba aikin ƙaba a wani asibiti a Ƙaraye. Yaya na kwana wajensa, ni kuma ina harabar asibitin tare da sauran mata masu jinya, ina dama kunu da wanke kwanuka. Inna ta zauna a gida saboda hawan jininta da kuma dabbobi. Ranar da aka sallame shi, Baba ya ce ba zai iya zama a lanƙwashe ba, ɗinkin na ja. Muka shimfiɗa masa katifa a bayan motar, na zauna wajen kansa. Ya cire hularsa ya miƙa wa Yaya, ya ce ya ajiye masa kar iska ta ɗauke. Yaya ya ɗora ta a kan dashbod, can jikin gilashi. Rana na dukan Baba a fuska, sai ya ja farin zanen gadon ya rufe har kansa, barci ya ɗauke shi. Yaya kuma ya taho a hankali, yana kauce wa kowane rami.

Da farko masu wucewa suna ɗaga mana hannu suna buɗe yatsu suna rufewa. Na zaci gaisuwa ce. Yaya ma haka ya zata, ina ganin hannunsa ta taga yana amsawa. Da muka matso gida sai aka daina. Mazan da ke zaune a gindin wata bishiya suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta sauke itacenta ta bi mu da kallo. Ni kuwa gajiya ta cinye ni, idona jawur don rashin barci, na ja hijabi na rufe hanci. Wani maƙwabcinmu ya iso a babur, ya daidaita da mu, ya dubi zanen, ya dube ni, ya yi magana. A cikin iska na ji kamar ya ce, ya hanya. Na ce, Alhamdu lillahi. Ashe cewa ya yi, ya haƙuri. Ya ja babur ɗinsa ya yi gaba da gudu.

Ko da muka isa, an fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kukan mata na fitowa daga ciki. Baba ya farka, ya yaye zanen, ya ɗago kai ya tambaya wa ya rasu. Wasu suka watse da gudu, wani ya bar takalminsa. Nan ne wurin da ake dariya idan ana ba da labarin. Ni ban ga wannan ba sosai, domin na riga na shige ciki. Na tarar da Inna kwance a bakin murhu, gwaggona na yayyafa mata ruwa. Bakinta ya karkace, hannunta na dama ya saki kamar ba nata ba. Ina ta ce mata Baba na nan da ransa, tana kallona ba ta gane ni ba. A kan katifar da aka sauke Baba aka kwantar da ita, muka juya asibiti. Sai a lokacin wani ya ce wa Yaya ya kashe fitilar nan don Allah. Yaya ya zagaya gaban motar ya tsaya yana kallonta.

Inna ta dawo gida da ranta. Magana ta dawo mata kaɗan-kaɗan, ƙafar tana ja, hannun bai dawo ba. Na zama mai jinyar mutum biyu. In ɗaga wannan, in wanke waccan, in ba akuyoyi dusa, in koma in tarar tuwo ya kama. Likita ya ce lallai a riƙa mai da ita ana duba jininta ana motsa mata hannun, in ba haka ba zai sandare. Inna ta ce ba za ta ƙara shiga motar nan ba. Da harshenta mai nauyi ta ce mota mai yin ƙarya da kanta ba abin hawa ba ce. Ko ƙarar injin ta ji a ƙofar gida sai jikinta ya ɗauki rawa, nawa ma haka. Babur ba zai yiwu ba, ba ta da hannun riƙewa. Damina ta sauka, motocin haya sun daina shigowa hanyarmu. Matan unguwa suka ce iska ce a jikin motar, a yi mata turare. Yaya ya rantse bai taɓa komai ba, ya daina zama majalisa. Kullum da safe ina buɗe yatsun Inna in ga sun ƙara naɗewa.

Na dami Yaya a kai motar a duba har ya gaji. Ranar da zan sayo maganin Inna a Rogo muka biya wajen wani mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, mutum mai furfura da yawan zolaya. Labarin ya riga mu zuwa.

"Wannan ce motar da ta kashe Malam ta tashe shi?" in ji shi. "Direba, ai da ka bar ta haka, ka samu sana'a."

Yaya bai yi dariya ba. Mutumin ya dube ni ya ga fuskata, sai ya bar wasan. Ya ce a tayar da injin. Ya nuna mana wani ɗan baƙin abu kamar maɓallin riga a kan dashbod, jikin gilashi. Ya ce wannan ne idonta, da shi take gane dare da rana. Ya cire hularsa ya kife a kai. Jim kaɗan na ga hasken fitilun a jikin langa-langar shagonsa. Yaya ya dafe sitiyari da hannu biyu. Ya ce, ashe hular Baba ce.

Na ce a cire idon nan gaba ɗaya. Mai wayarin ya ce ana iyawa, amma Yaya ya saba, wata rana zai taso daga kasuwa da magariba ya manta bai kunna ba, ga shanu suna komawa gida a kan hanya. Ya ce akwai makunni a gefen sitiyari da ake kashe ta, sai dai duk sa'ad da aka sake tayar da mota komawa take yi ga halinta. Abin da ya fi, a sa ɗan ƙwan fitila a ciki, wanda zai kama duk lokacin da na waje suka kama. Ya jawo siririyar waya daga bayan fitilar gaba, ya sa mata fiyus, ya zura ta ta wani rami har ta ɓullo ƙarƙashin dashbod. Ya buɗe gwangwani ya ce in zaɓi launi. Na ƙi ja. Na ɗauki ruwan ɗorawa. Zai huda ta gefen direba, na ce a'a, a tsakiya, inda na zaune a gefe ma zai gani.

"Ƙanwata, ke za ki tuƙa?" in ji mai wayarin.

"Inna ce za ta duba," na ce.

Washegari da hantsi Yaya ya kawo motar daf da zaure. Ban ce wa Inna za mu tafi ko'ina ba. Na ce ta zo ta ga wani abu kawai. Ta daɗe tana ƙi, har Baba ya sa baki, sannan muka riƙo ta. Ta tsaya a bakin ƙofar motar. Na karɓi hular Baba na kife a kan idon. Ƙwan ya kama. Na ɗauke, ya mutu. Na ce Yaya ya koma gaban motar ya riƙa gaya mata ko fitilun waje sun kama. Inna ta miƙo hannunta na hagu ta karɓi hular. Ta kife, ta jira, ta ɗauke. Ta sake. Ta yi ta yi har hannun ya gaji, babu wanda ya ce mata ya isa. Daga nan ta juya ta dubi Baba.

"Malam," ta ce, kalmomin na fita da ƙyar, "sa hularka a ka. Kar ka ƙara cirewa."

Ta zauna a kujerar gaba. Na shiga kusa da ita na riƙe mata hannun da ba ya motsi.

A hanyar dawowa daga asibiti hadari ya haɗu, gari ya yi duhu tun kafin la'asar. Muna hango rufin firamaren garinmu ƙwan ya kama. Ni na fara gani. Inna ce ta buga dashbod da tafin hannunta. Yaya ya murɗa makunnin, ƙwan ya mutu, muka shiga gari da fitila a kashe, yayyafi na sauka. Mazan ƙofar masallaci suka ɗaga hannu daga zaune, babu wanda ya miƙe.

Muna zuwa asibitin yanzu duk lokacin da aka ce mu koma. Yatsu biyu sun fara motsi. Inna kan yi gyangyaɗi a hanya, kanta a kafaɗata. Ni ba na iyawa. Daga ƙofar gida har Ƙaraye idona na kan ɗan ƙwan nan, in mun sauka wuyana ya riƙe, sai in nemi inuwa in zauna kafin a kira mu.