Wutar da Aka Kashe wa Hajjo

A saman gidanmu na unguwar Ammariyya, bayan isha'i, Kaka takan hura gawayi ta ɗora gahawa, mu jikoki mu kewaye ta. Labaranta duk na hanya ne, don da ƙafa iyayenta suka taho da ita daga ƙasar Hausa zuwa aikin hajji, suka zauna a nan, kuma ba ta sassauta wa yaro labari. In ka fara kuka sai ta ce, "Halas, ya isa haka, tafi wurin uwarka."

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na jiragen dare. Lokacin babban yaƙin Turawa, ayarinsu ya yada zango a Sudan, kusa da filin wata 'yar rundunar jirage. Aikin jiragen shi ne su tashi cikin duhu su tare na abokan gaba, don haka aka kafa doka: rana na faɗuwa, ko fitila kada a gani.

Su kuwa matafiya, al'adarsu in wani bai dawo ba har magariba, a hura wuta a kan tudu don ya gane hanya. Wata rana yayar Kaka, Hajjo, ta tafi itace ba ta dawo ba. Uwarsu ta hura wuta.

"Ba ta gama kamawa ba sai ga askarawa," in ji Kaka. "Suka tattake ta da takalma. Inna ta sake hurawa, suka ɗaure ta a turken jaki. Muna jin Hajjo can nesa tana kiran sunana, yanzu gabas, an jima yamma. Muka yi ta amsawa, sai jiragen suka tashi, ƙararsu ta danne komai."

Na ce, "Kaka, da safe an gan ta?"

"An ga zanenta. Kura ba ta cin zane. Yalla, maza miƙo mini kofin can."

Na ji haushin Kaka a daren nan, wallahi, har na ƙi yi mata sai da safe. Na ɗauka tsoratar da mu take don mu daina yawon magariba a lungu.

Sai da na girma na kula da ƙarshen labarin, wanda take faɗa tana kwashe kofuna. Rundunar ba ta daɗe ba aka rushe ta, don jirgin abokan gaba ko ɗaya bai taɓa zuwa ba. Babu wanda ya gaya wa matuƙan jiragen nan zancen Hajjo. Ina jin sun koma gida, sun tsufa, su ma suna ba jikokinsu labari cewa a Sudan ba su kashe kowa ba.