Ɗumin Kujerar Baya

Motar ta girme ni nesa ba kusa ba. A hannun wani dattijo makanike na same ta, Bahaushen Sudan, maƙwabcinmu a unguwar Ard al-Liwa ta Giza. Masarawa na ce wa irinta khunfusa, wato buzuzu, saboda dunƙulallen bayanta. Komai nata a juye yake: inji a baya, wurin kaya a gaba. Ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Dattijon ya ce Jamusawa suka ƙera ta tun zamanin kakanni don talaka ya riƙa ɗaukar iyalinsa. Ya nuna min wani ɗan ƙarfe kusa da birkin hannu, in ka ja shi, zafin inji ya biyo bututu ya shigo ciki.

Abin da nake nema ke nan. Matata 'yar Sakkwato ce, sanyin Alƙahira ya hana ta sakat, ga ciki wata bakwai, na fari bayan shekara tara muna jira. Duk ranar awo sai in zaunar da ita a baya, in ja ƙarfen nan. Gilasan baya ba sa rufuwa sosai, na bi kowace kafa na cusa tsumma. Nawa kuwa a buɗe yake, don sigina ba ta aiki, da hannu nake nuna kwana.

Ta fara kukan ciwon kai da jiri, na ce laulayi ne, ma'alish, ba komai. Ta ce motar na wari, na ce wace mota ce ba ta wari a Giza? Ni dai ba a kayar da ni a baki, na san halina.

Wata safiya cunkoso ya riƙe mu a kan gada. Ina ta masifa da direbobin bas. Na yi mata magana, shiru. Har daɗi na ji, wai ɗumi ya sa ta barci. Da muka isa asibiti na buɗe ƙofa, sai kanta ya faɗo a hannuna.

Ita ta farfaɗo. Abin da ke cikinta bai sake motsi ba. Namiji ne. A waje likita ya tambaye ni ko muna kunna gawayi a ɗaki, na ce a'a.

Bayan sati guda dattijon ya shiga ƙarƙashin motar, ya kira ni. Ya zura yatsa a ramin da tsatsa ta ci jikin bututun hayaƙi, daidai inda iskar ɗumin ke bi. Da ya fito ya zaro tsumma ɗaya daga gilashi.

"Ɗana, wa ya toshe nan?"

Ban taɓa tsanar wani mahaluƙi kamar yadda na tsani kaina ranar ba.

Har yau ban gaya mata ba. In matan 'yan'uwana ɗalibai suka zo hira, takan ba su labarin yadda na kula da ita a sanyin waccan shekarar, ta ce miji irina sai an tona. Ina jin su daga ɗaki, littafi a buɗe a gabana, ko harafi ɗaya ba na gani.