Lakar da Mamman Ke Ɗebowa

Jiya a bakin ruwan Wara na tarar da maƙwabcina Mamman yana sauke laka daga kwalekwale. Daga tsibiri yake ɗebo ta, yana rufe gonarsa da masu wankin zinariya suka ɓata da zaiba, sinadarin nan mai dafi da suke tace zinariya da shi.

Na ce, "Mamman, laka ba ta kashe dafin nan. Abin da ka shuka ba zai ciwu ba."

Ya ce, "Na sani, Malam. Ba don ci nika yi ba. In sunka gan ta kango, cewa za su yi ba mai ita, su dawo."

Mu da muka karanta aikin gona mun tsufa muna rubuta rahoton da ba mai dubawa. Ku a wajenku, wa ya rage yana tsare ƙasa?