Almakashin da Aka Ba Ni Aka Ƙwace

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Jebel Ali da ke Dubai, aka ƙara min matsayi, aka ce dole in riƙa sa kwat idan za a gana da baƙi. Ni da ko ranar bikina ban sa kwat ba! Wani abokina ya ce akwai wani tsohon tela ɗan Italiya a Al Buteen, a wani lungu bayan masu sayar da yadi, in je wurinsa.

Da kaftani na je. Tsohon bai ko amsa gaisuwata ba, sai ya kama wuyan rigata yana juya shi ciki da waje. Da Turancinsa mai gauraye da Larabci ya ce, "Wa ya ɗinka wannan?" Na ce mahaifina ne, tela ne a Kano. Ya ce, "Da hannu?" Na ce eh. Sai a lokacin ya dubi fuskata. Tun daga ranar bai ƙara kirana da wani suna ba sai Kano.

Mu dai a saninmu, tela ya auna ka, ya sa maka rana, ka dawo ya ce saura maɓalli. Shi kuwa wannan sai gwaji a kan gwaji. Ranar farko ya sa min wata aba mai hannu ɗaya, duk ta sha farin zare. Ina tsaye gaban madubi ya kama hannun ya fizge shi ɓaras. Na ce, "Innalillahi! Me na yi maka?" Ya ce, "Shwaiya shwaiya, habibi," wato in bi a hankali, ga allurai cike da bakinsa. Kwat ɗin dai ta fito, kuma wallahi ta zauna min.

Daga nan na saba leƙa shi ranar Asabar mu sha shayi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, duk sanda na tambaye shi garinsu, amsar daban ce. Yau Napoli, gobe Asmara, jibi Beirut. Sannu a hankali na harhaɗa labarin. Kakansa ne ya bar wani ƙauye kusa da Napoli ta Italiya, ba shi da komai sai almakashi naɗe cikin riga, ya sauka Asmara ta ƙasar Eritiriya. A can aka haifi babansa, a can aka haife shi. Da zama ya gagara suka koma Beirut, inda ya yi aure, inda kuma ya binne matarsa. Yaƙi ya koro shi Dubai. Italiyar ma ziyara kawai ya taɓa kai mata. Ya ce, "A can ɗan Afirka suke ce min." Ɗansa ɗaya, yana Milan, can Italiya, yana aikin kwamfuta. "Ko zare ba ya iya zurawa a allura," in ji shi. Na yi dariyar yaƙe, don ni ma ban iya ba.

Sai korona ta zo. Kowa yana aiki daga gida da gajeren wando, wa zai ɗinka kwat? Shago ya mutu, bizar zamansa kuma ta bi shago. Wata rana ya kira ni ya ce zai koma wurin ɗansa, in zo.

Na tarar an kwashe komai, sai tebur da almakashin kakansa a kai, wani ƙato mai baƙin mariƙi. Ya ce, "A gidan ɗana cikin durowa zai kwanta har ya yi tsatsa. Ba na so ya daina yanka. Kai wa babanka." Ya ɗora min shi a hannu. Na fara godiya, na fara jero addu'a. Kawai sai ya miƙo min tafin hannu ya ce, "Kuɗi."

Ikon Allah! Kyauta ce ko ciniki? Kaina ya kulle. Sai na ce a raina, af, tsohon nan yana cikin matsi ne, kunya ta hana shi faɗa. Na zaro duk abin da ke walat ɗina, na dunƙule na cusa masa a hannu irin yadda muke yi, ina cewa ba yawa. Fuskarsa ta yi jajir. Ya watsa kuɗin a tebur, ya fizge almakashinsa, ya dinga zuba Italiyanci yana nuna min ƙofa. Abin da na tsinta kawai, "Khalas! Yalla!" wato shi ke nan, in fita.

Na fita na tsaya bakin ruwan da ke kusa kamar wanda aka mara, na kira mahaifina. Ya saurara ya ce, "Shi ya ce maka yana jin yunwa?" Na ce a'a. Ya ce, "To don me za ka yi masa sadaka? Mutum ya ba ka abin kakansa!" Na ce, "Baba, shi fa ya nemi kuɗin." Ya ce, "Ni ma ban gane ba. Shi ya sa za ka koma ka tambaya."

Na sayi shayi kofi biyu na koma. Yana zaune, almakashin a cinyarsa. Na ce, "Maigida, ka yi haƙuri, ni fa ban gane ba." Sai ya ce a wurinsu ba a kyautar abu mai kaifi, yana yanke zumunci. Dole mai karɓa ya ba da ɗan kuɗin ƙarfe ɗaya, mafi ƙanƙanta, a ce saya ya yi. Haka babansa ya ba kakansa, haka shi ma ya ba babansa. Na ce, "To kyauta ce ko sayarwa?" Ya ce, "Eh."

Ni dai ban yarda ƙarfe na yanke zumunci ba, amma na laluba aljihu na ba shi sulallan canjin shayin. Ya zaɓi ɗaya ya mayar min da sauran, ya miƙo min almakashin, ya share ido da bayan hannu. Ban ƙara ganinsa ba.

Da aka buɗe hanya na kai wa Baba almakashin Kano. Ya jinjina shi, ya jawo ƙyallen shadda ya yanka, ya saurari ƙarar, ya ce, "Kai, wannan almakashi ne!" Ya tambaye ni ko tsohon yana da ɗa, na ce yana da shi amma ba ya ɗinki. Ya ce, "Allah sarki." Can ya ɗago ya dube ni ya ce, "To ni kuma in na tashi, wa zan miƙa wa?"

Har yau Baba da shi yake yanka. Ni kuwa har yau ban sani ba, kyauta tsohon nan ya aiko wa mahaifina, ko damuwarsa ya ɗora masa.