Sarƙar Da Na Zuba Wa Ido A Hanyar Gidan Sori

Gazawa, asubahin Laraba

Mun fita gida ana kiran assalatu, ni da yarinyar da jaririnta a baya, maƙwabta biyu suna biye da mu da kayan gara a ka. Ba a daɗe da sauke tutar Nasara mai mulkin mallaka ba, lokacin cinikin gyaɗa ne, sanyi yana shiga har ƙashi.

Na ce "yarinyar" don 'yar farina ce. Kun san ba a kama sunan ɗan fari, ba a zama kusa da shi cikin mutane, ba a nuna an damu da shi. Shekararta goma sha tara, iyakata da ita "ke". Ta zo gida ta haihu namiji, ta gama wankan arba'in, lokacin mai da ta ɗakinta a Gidan Sori ya yi. Goggonta Kande ce za ta raka ta, sai kunama ta harbe ta ranar Talata, ƙafa ta kumbura, dangin miji kuwa sun riga sun sa rana. Maigida ya ce mini, "Sai ki daure ki je."

A bakin kasuwa muka sami motar Ɗanladi, kamiyo mai bodin katako, za ta kai gyaɗa Maraɗi. Dala arba'in kowane mutum, a zauna saman buhuna. A jikin ƙofar direba akwai rubutu da farin fenti. Watana bakwai a ajin yaƙi da jahilci, duk abin da na gani a rubuce sai na tsaya. Biyar ce, da harafin T. Na tambayi wani dattijo da zai hau tare da mu, tsohon soja mai agogo a hannu, ana ce masa Baba Saje.

Ya ce, "Tan biyar ke nan, iyakar abin da aka ce ta ɗauka."

Mai awon kasuwarmu kullum yana faɗin buhu goma sha uku na ɓararriyar gyaɗa ke cika tan. Na yi lissafi a ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, sittin da biyar. Na ƙirga layukan da ake ɗaurewa, buhu casa'in da huɗu, ban da mu mutum goma sha ɗaya da kayanmu.

Na matsa na ce a hankali, "Malam Ɗanladi, kayan ga ba su yi mata yawa ba?"

Ya yi dariya. "Inna, mai rubutun nan ya koma ƙasarsu. Yanzu mu ke da ƙasa, mu ke da mota. Hau abinki."

Na hau. Baba Saje ya duba agogo, shida da minti goma muka tashi.

Agiye

Kilomita goma sha wani abu ne, amma sai bakwai da kwata muka iso. Motar tana nishi, in ta shiga rami sai bodin ya kwanta gefe ɗaya, ya daɗe kafin ya dawo. A shingen shiga gari jandarma, ɗan sandan hanya, ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Ya kira Ɗanladi ya nuna masa sifirin ɗin baya, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin bodi, sun miƙe sumul, babu sauran lanƙwasa. Ya ce ba za ta wuce ba sai an sauke buhu ashirin. Aka sauke. Raina ya yi sanyi, har na sha koko da ƙosai na dala ɗaya, na miƙa wa yarinyar nata ta hannun wata mai daddawa da ke zaune kusa da ni.

Muna fita gari, gindin wata tsamiya, sai ga jakuna suna jiranmu. Buhunan nan ashirin ne aka zagayo da su ta bayan gonaki. Aka mai da su sama ana raha. Kowa ya koma ya hau. Ni ma na hau.

Daji, tsakanin Agiye da Cadawa

Tara da rabi muka tarar da wata kamiyo tsaye a gefen hanya, ita ma cike da gyaɗa har sama. Direbanta, Illa, mutum mai fara'a da furfura a gemu, ya ce injinta ya mutu tun jiya. Direbobi suna da al'adarsu, ba a wuce ɗan'uwa a daji. Ɗanladi bai ko yi shawara ba ya fito da sarƙa.

Baba Saje ya sauko yana girgiza kai. "Ku saurara. Ba a jan mota da kaya a kanta. Kuma da sandar ƙarfe ake ja, ba sarƙa ba. In inji ba ya aiki, birkinta ba ya kamawa sosai. Taka ma da ƙyar take ɗaukar kanta."

Ɗanladi ya ce, "Saje, yaƙi ya ƙare, ka huta. In bar gyaɗar mutane a daji ɓarayi su yi biki? Gobe in tawa ta mutu wa zai tsaya mini?"

Aka ɗaura. Sarƙar ba ta kai gaba uku ba, ta yi tsatsa, akwai zobe ɗaya a tsakiya wanda da gani maƙeri ya taɓa haɗa shi, ya fi sauran baƙi.

Ana cikin haka jaririn ya yi tari. Illa ya ɗaga kai ya ce, "Haba jama'a, mai jego a saman kaya cikin iskan ga? Ga wuri a gaban motata babu kowa. Ta sauko ta zauna kamar matar kumandan." Mata suka yi ta sa masa albarka. Yarinyar ta dube ni. Na kau da kai yadda ya kamata, ita kuwa ta ɗauki kau da kan nan a matsayin na yarda. Ta sauka da ƙunshinta ta shiga.

Na ce ƙafata ta sage, na ja jiki na koma can ƙarshen buhuna na zauna ina fuskantar baya. Daga nan ina ganin ta ta gilashi ba tare da an ce ina kallon ta ba. A ƙasana kuma ga sarƙa.

Tafiyar ta koma ta hawainiya. In hanya ta ɗan gangara sai motar Illa ta matso, sarƙa ta saki har ta ja ƙasa. In Ɗanladi ya taka, sai ta miƙe da ƙara, kau! Duk jikin motar ya girgiza. Wani ƙauri yana tasowa daga tayoyinmu kamar an bar tukunya babu ruwa a wuta. Ina karanta duk addu'ar da na sani, idona a kan baƙin zoben nan.

Da farko tsaga ce wadda tsinke zai shiga. Bayan fizga kamar goma, sai ta buɗe kamar bakin munduwa. Na taɓa mai daddawa na nuna mata.

Ta ce, "Bar kallo, yaya, yi salati. Maza sun san aikinsu."

Na mai da ido kan motar Illa. Ta gilashi ina ganin yarinyar tana shayar da ɗanta, kanta a sunkuye, hankalinta kwance. Aka sake fizga. Yanzu yatsana zai shiga. Sai na ji Baba Saje daga gaba yana gaya wa wani, "Sha ɗaya da minti biyar. In mun sauka gangaren ƙoramar can, sai Cadawa."

Na san gangaren. Dogo ne, da ƙaramar gada a ƙasa.

Na ce, "A tsaya." Ko mai daddawa ba ta ji ni ba. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, 'ya'yana ma sun shaida. Na sake faɗi, iska ta tafi da shi. Sai na miƙe tsaye a kan buhuna, na kwarma ihu, "Baba Saje, a tsaya! A tsaya don Allah!"

Ya doki rufin direba da sandarsa. Ɗanladi ya taka birki. Mu mun tsaya, amma motar Illa ba ta tsaya ba sai da ta zo ta bugi bayan tamu, gum. Na ga kan yarinyar ya yi gaba ya dawo.

Bakin gangare

Ɗanladi ya diro a fusace. "Wa ya mutu?"

Na sauko da ƙyar na nuna masa zoben. Ya duba, ya ɗauko guduma ya bubbuga shi, ya naɗe da waya. "Shi ke nan, Inna. Har Maraɗi sai ta kai mu."

Na ce, "To, a sauke mai jego ta taka."

Illa ya leƙo yana murmushi. "Rana ta take, Inna, kar a gasa jariri. Gangare ɗaya ne. Na riƙe birkin hannu."

Ɗanladi ya koma ya sa giya. Na tsaya a gefen hanya na ce, "Ke." Inji yana ruri. Na ce, "Ke, sauko." Ba ta ɗago ba. Ina za ta san da ita nake? Tun tana goye ban taɓa yi mata magana gaban maza ba. Sarƙa ta fara tashi daga ƙasa. Tayar Illa ta juya sau ɗaya.

"Rabi! Rabi, sauko mini da yaron nan!"

Ban san muryata ta kai haka ba. Mai daddawa ta dafe baki, "La'ilaha! 'Yar fari?" Baba Saje ya sake dukan rufi. Yarinyar ta ɗago ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta buɗe ƙofa ta sauko, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Baba Saje ya ce, "Wanda ya sa uwa ta kama suna ba ƙaramin abu ba ne. Kowa ya sauka." Kowa ya sauka, har mai daddawa tana gunaguni.

Ɗanladi ya ce, "Sai ku taka, mu haɗu bayan gada."

Muna tsaye muka ga sun fara gangarawa. Rabin farko lafiya. Daga nan motar Illa ta fara cim ma ta gaba, ta buge ta, ta sake bugu. Hayaƙi yana fita daga tayoyin Ɗanladi, nauyin mota biyu yana tura shi, birkinsa ya ƙi. Ya saki ya ƙara gudu don ya tsere mata. Sarƙa ta miƙe. Ƙarar tsinkewarta har yau in an yar da taɓarya a kan dutse sai gabana ya faɗi. Motar Illa ta kauce hagu ita kaɗai. Muka ga ƙofa ta buɗe, ya faɗo yana birgima. Ita kuwa ta haura gefen gada ta kafa hanci cikin yashin ƙorama, buhunan da ke bayanta duka suka fasa katako suka danne wurin zaman gaba. Bayan haka babu abin da ake ji sai zubar gyaɗa, kamar ruwan sama a kan kwano.

Na ji an riƙe bakin zanena ta baya. Ban waiwaya ba, na san yarinyar ce. Ban kuma janye ba.

Illa yana da rai, kafaɗa ce ta karye, fuska ta goge. Maza suka tone buhuna suka ciro ƙunshin yarinyar. Tasar da na saya mata ta koma kamar faifai. Ɗanladi ne ya kawo mini ita, ya durƙusa.

"Inna, ki yafe mini."

Na ce, "Allah ya yafe mana. Ni ma na ƙirga tun Gazawa, kuma na hau."

Cadawa zuwa Gidan Sori

Kilomita uku muka taka, na ba ta takalmina. Aka kai Illa wajen maɗori. Wata mai tuwo a bakin tasha ta ba mu ɗaki da ruwan zafi, ta ƙi karɓar ko tamma. Ɗanladi ya iso da kayan garammu da la'asar, bayan ya bar buhu talatin a hannun mai gari. Ba wanda ya sa shi.

Ranar Alhamis bakwai da rabi muka sami wata mota mai ɗaukar fatu, kayanta bai kai rabi ba. Sai da na karanta ƙofarta na leƙa sifirin kafin na hau, direban yana ce mini "jandarma mai zane". Maraɗi ƙarfe tara, nan muka yi sallama da Baba Saje, ba mu kuma sake sanin lokaci daidai ba. Tibiri wajen azahar, dangin miji suna jira da jakuna. Muka ƙetare gulbi, muka shiga Gidan Sori da la'asar ana guɗa.

Da safiyar Juma'a ta rako ni har zaure, babu kowa kusa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ashe haka sunana yake a bakinki."

Na ce, "Ke, koma ciki, sanyi zai kama yaro."

Gida

Ranar Asabar da azahar na sauka Gazawa. Labari ya riga ni, mai daddawa ta kai shi ta bakin 'yan kasuwa. Goggo Kande tana zaune a tsakar gida da ƙafarta a miƙe, ko sannu ba ta gama yi mini ba ta ce, "An ce kin kama suna a gaban maza. Kin zubar mana da kunya a bakin hanya."

Na kwance ƙunshina na ajiye mata tasar a cinya. Na ce, "A nan take zaune." Ta juya ta, ta sake juyawa.

"Sau nawa kika kira?"

"Sau biyu."

Ta share ido da gefen mayafi. "Biyu kawai? Ke dai da sanyin baki."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni. Na gode wa Baba Saje da sandarsa, da mai tuwon Cadawa, da malamin ajinmu da ya koya mini biyar sau goma sha uku. Allah ya ba Illa lafiya, don alheri ya yi nufi. Tasar tana rataye a ɗakina. Sunan kuwa, ga shi can sama na rubuta shi yadda na kira shi, sau biyu, ban kuma ƙara ba har yau.