Ranar da Shanu Suka Lashe Tantinmu

Ko na tsufa har na manta inda na ajiye carbina, bakans ɗin nan, wato dogon hutun makaranta, da Baba ya kai mu kwanan daji ba zai fita raina ba. Lokacin na gama firamare ke nan, ni ce babba a gidanmu, sai ƙannena maza biyu, sai Auta da ko yaye ta ba a yi ba.

Babanmu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a Gaya, gishiri yake ɗauka ya kai kasuwanni. A wata tafiya da ya yi cikin Benin ya ga wasu turawa sun kafa tanti a bakin ruwa suna shan shayi, shi ke nan abin ya shiga ransa. Ya dawo ya ce mu ma za mu je. Inna ta dube shi ta ce, "Malam, mutum da ɗakinsa da gadonsa, ya tafi ya kwana cikin ciyawa? Korar mu aka yi?" Maƙwabta suka mai da mu abin dariya. Mu yara kuwa murna ta hana mu cin abinci, ni kam ina ta zagaya unguwa ina ba ƙawayena haushi.

Tanti dai ba mu da shi, kuma Baba ba mai sayen abin da yake da irinsa a gida ba ne. Ya kwance bash ɗin kamiyonsa, wannan ƙaton tamfol da ya yi shekaru yana rufe buhunan gishiri, ya naɗe shi. Ya ari ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya wurin abokinsa, aka loda tabarmi da tukwane da sange, wato gidan sauro, da bido, wato jarkar ruwa. Ya ɗora rabin buhun gishiri, ya ce na gaisuwar maigarin wurin ne.

Damina ta zauna, hanya kore shar hagu da dama. Muka wuce gonakin gero wajen Yelu muna waƙa a bayan mota, iska na cika mana baki. Can muka hango wani ƙauye a gindin dutse, ga tafki shimfiɗe a gefensa yana ƙyalli. Wallahi sai da na ji ƙirjina ya buɗe, ban taɓa ganin wuri mai kyau haka ba. Inna ta ce a fara shiga gari a yi sallama. Baba ya ce, "Bari mu sauke kaya tukuna, da yamma na je." Shi kansa ɗoki ya kama shi kamar yaro.

Ya zaɓi wani fili mai faɗi da ya gangaro daga dutsen har bakin ruwa, ƙasa a daddale, ba ciyawa ba ƙaya. Ya ce, "Kun gani? Kamar an share mana." Ba wanda ya tambayi kansa wa ya share. Aka sari sanduna, aka ɗaure igiyoyi, bash ya miƙe ya zama ɗaki. Muka yi ta shiga muna fita. Muka ci dambu da zogale, ƙannena suka yi wanka har idanunsu suka yi ja, ni kuma na hau dutse na ƙwala kiran sunana don in ji ya dawo mini.

Bayan la'asar Auta ta yi barci, Inna ta shimfiɗe ta cikin tanti ta rufa mata sange, ta koma gindin wata bishiya can gefe inda ta haɗa murhu. Ina taya ta yanka albasa. Baba da yaran suna cikin ruwa zuwa gwiwa, wai kamun kifi suke.

Sai na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafata. Na ɗaga kai, ga jajayen shanu masu dogayen ƙaho suna gangarowa daga dutse, garke guda, ƙarshensa ma ba a gani. Ashe filin nan namu hanyarsu ce ta zuwa mashaya. Da farko ma tsalle na yi don murna. Na gaban sun kusa wucewa, sai wata babbar saniya ta tsaya, ta ɗaga hanci, ta juya ta nufi tanti. Ta zaro harshe ta lashi bash. Kafin ka ce me, sauran sun rufa mata baya, sun kewaye tantin ta ko'ina suna lasa suna ture juna. Makiyayinsu yana can baya kan dutse, ko muryarmu ba ta kai masa.

Inna ta saki ludayi ta ce, "Auta." Ta zari itace daga murhu ta yi kansu, amma tana ɗaga shi shanun suka firgita suka matsu, sanda ɗaya ta tantin ta karye, gefe guda ya zube. Muka ji kukan Auta daga ciki. Ba wata kafa da mutum zai bi, ƙaho ne da ƙafafu kawai. Ni dai na tsaya da wuƙar albasa a hannu.

Baba ya fito daga ruwa da gudu. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar, mutum ne mai jiki da tafiyar ƙasaita. Ya ce wa Inna, "Ajiye itacen nan, gishiri suke so." Ya fizge wuƙar hannuna, ya sungumi buhun maigari daga mota, ya farke shi. Ya dumbuzo gishiri ya kai har bakin babbar saniyar nan, ƙahonta na gogar kafaɗarsa. Ta lashe tafin hannunsa. Ya ja da baya yana watsawa a ƙasa, ta bi shi, na kusa da ita suka bi ta. Da ya ga sun taso gaba ɗaya, sai ya saɓa buhun ya zura da gudu, gishiri na zuba a bayansa, garke na bin sa, har ya faɗa cikin tafki ruwa ya kai masa ƙirji.

Inna ta kutsa ƙarƙashin bash da rarrafe, ta fito da Auta a naɗe cikin sange tana tsala kuka. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Amma sawun kofato yana nan a kan tabarmar, dab da inda kanta yake.

Makiyayin, wani dattijon Bafulatani, ya iso yana haki, ya yi wa shanunsa kira suka natsu. Ya dubi bash, ya dubi Baba da ke fitowa daga ruwa da jiƙaƙƙen buhu, ya ce, "Sannu baƙo. Ba wanda ya gaya maka nan burtali ne?" Baba ya ce, "Ban tambaya ba, Baffa." Ƙannena suka fashe da dariya, ni ma na kama, irin dariyar nan mai haɗe da hawaye. Baba bai yi ba. Ya karɓi Auta ya zauna a ƙasa, ya rungume ta a ƙirjinsa.

Kafin magariba ya shiga gari hannu wofi ya gaida maigari. Aka nuna mana wani tudu, matan garin suka kawo mana nono da ɗanyen kifi, muka yi sauran kwanakinmu cikin daɗin da har yau muke labari.

Yanzu ni ma ina da 'ya'ya, kuma na gane abin da ya hana Baba dariya. Duk wurin da ka tarar fili fetal, akwai masu shi, ko da ba ka gan su ba. Tun daga ranar, ko inuwar bishiya zan zauna a garin da ba nawa ba, sai na nemi mutum na yi masa sallama na tambaya, domin na ga yadda rashin tambaya ɗaya ya kusa raba mu da Auta.